Ina son in zama mai gabatar da labarai a talabijin: ta ina zan fara daga Damagaram?

"Assalamu alaikum Hajiya, ina wuni? Ni ɗaliba ce a nan Damagaram, bana na samu bak. Tun ina ƙarama in an fara labaran dare nake zama gaban tele ina kwaikwayon masu karantawa. Burina in zama mai gabatar da labarai. Amma Baba ya ce aikin jarida yawo ne da neman magana, bai dace da ɗiya mace ba, kuma ba ya riƙe mai shi. Yayana kuma ya ce in dai ba a Yamai nake ba, kuma ba ni da wani babba a sama, in cire rai. Don Allah ki gaya mini gaskiya: wane karatu ake yi, ta ina ake shiga, kuma ana iya rayuwa da aikin?"

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Barka da samun bak, takardar kammala sakandare, Allah ya sanya albarka a abin da aka karanta. In na fahimce ki da kyau, kina neman hanyar da ake bi har a kai ga kujerar nan ta gaban kyamara, kuma kina son ki ji ko maganar Baba da ta yayanki tana da tushe. Zan ba ki amsa yadda zan ba ɗiyar cikina. Da rediyo na fara a nan garin tun ina budurwa, na yi talabijin a Yamai, yanzu kuma yara irinki nake koya wa aikin.

Abin da nake son ya fara zauna miki a rai shi ne wannan: matar da kike gani da dare tana karanta labarai, rabin awar da take yi a gaban kyamara ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikinta na yini. Mai gabatar da labarai ƴar jarida ce da aka ɗora a gaba. Wadda ta hau kujerar ba tare da ta iya neman labari ba, mai karatu ce kawai, kuma ranar da aka samu wadda ta fi ta zaƙin murya ko ƙuruciya za a ɗaga ta. Saboda haka duk abin da zan faɗa miki a nan, hanyar zama ƴar jarida ce. Kujerar tana zuwa daga baya, in Allah ya nufa.

Inda yayanki ya yi gaskiya da inda ya kuskure

A ƙasar nan rediyo ya girmi talabijin. A 1958 aka buɗe gidan rediyon ƙasa, wanda aka sauya wa suna ya koma Muryar Sahel a 1974. Talabijin kuwa da makaranta ya fara, a 1964, ana koyar da yara darasi ta akwati, sai a ƙarshen shekarun 1970 Télé Sahel ta zama tashar kowa da kowa. Tsawon lokacin nan bakin gwamnati kaɗai ake ji. Jaridar Haske mai zaman kanta ta fito a 1990, aka yi babban taron ƙasa a 1991, wanda ɗan garin nan ne ma ya jagorance shi, marigayi Farfesa André Salifou, da jami'armu take ɗauke da sunansa. Daga nan ƙofa ta buɗe: gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara a tsakiyar shekarun 1990, Anfani ta zo ta kafa tasha a Damagaram, talabijin ɗin Ténéré ya fara a 2000, su Dounia da Bonferey da sauransu suka biyo baya.

To, manyan ɗakunan da ake gabatar da labaran ƙasa daga cikinsu a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga nan. A nan yayanki bai yi ƙarya ba. In labaran ƙarfe takwas da rabi na dare kike son ki karanta wa ƙasa baki ɗaya, wata rana sai kin hau mota kin bi ta Maraɗi da Konni da Doso. Maganar babba a sama ma akwai ta, ba zan ɓoye miki ba. Na ga waɗanda aka kawo da waya. Sai dai shirin kai tsaye ba ya rufa wa kowa asiri. Wanda ya kawo ki zai iya zaunar da ke a kujera, amma in jar fitilar kyamara ta kama, aka fara shiri, ba ya nan.

Inda ya kuskure shi ne zaton da ya yi cewa sai a Yamai ake fara aikin. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, sama da mutum miliyan uku da rabi. Matatar man ƙasar, SORAZ, tana nan kan hanyar Tanut tun 2011. Ga iyaka da Najeriya ta Magarya da Matamai, ga makiyaya ta wajen Tanut da Tesker, ga fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram. Garin nan shi ne babban birnin ƙasa har zuwa 1926. Kowace tasha ta Yamai tana bukatar ido da kunne a nan, kuma wanda yake aiko da rahoto mai kyau daga jiha, editoci suna saurin haddace sunansa fiye da na wanda yake zaune tare da su yana jiran a aike shi taron ƙara wa juna sani.

Yinin mai gabatarwa

Bari in shigar da ke ciki ki gani. Da hantsi ake taron tsara labarai. Kowa ya kawo abin da ya jiyo, a yi gardama, a raba aiki: wane ya tafi majalisa, wance ta tafi asibiti, a kira wakilin Difa da na Agadas a ji me ke hannunsu. Mai gabatarwa tana wurin, tana sa baki. Bayan la'asar rahotanni sun fara shigowa, sai ta shiga ɗakin montaj, inda ake yanka hoto da murya a haɗa, ta kalli kowane ɗaya daga farko har ƙarshe, domin ita ce za ta rubuta ƴan jimlolin da ake faɗa kafin a saki rahoto. Jimla biyu ne ko uku, amma a cikinsu mai kallo yake zaɓar ya tsaya ko ya tashi ya tafi harkarsa. A nan kuma take kama kurakurai: sunan ƙauye da aka rubuta ba daidai ba, muƙamin da aka ba mutum wanda ba nasa ba, adadin da ya saɓa wa na jiya.

Ana saura minti goma kina zaune, an maƙala miki ƙaramin mikoro a wuyan riga, an zura wata siririyar waya ta ƙarƙashin mayafi zuwa kunnenki. Fitilu sun sa zufa tana bin bayanki. A gabanki ga takardar jerin labarai, kowane da mintinsa. A tashar da ke da hali, rubutu yana gudana a gilashin kyamara. Inda babu, takardunki ne a hannu, kin ja layi a duk inda za ki numfasa. An fara. Kina tsakiyar labari na uku sai muryar mai sarrafa shiri ta faɗo kunnenki daga reji, ɗakin da ake sarrafa shirin: rahoto na huɗu bai fito daga montaj ba, tsallake zuwa na shida, baƙonki ya iso, minti uku gare ki da shi. Bakinki bai daina labari na uku ba, fuskarki ba ta nuna komai ba, hannunki yana zaro takarda ta shida, zuciyarki tana tsara tambayar farko. In baƙon nan jami'i ne da ya zo magana kan tsadar abinci, ya ce farashi ya sauka, ke kuma shekaranjiya kika dawo daga kasuwa, kin san abin da za ki ce masa. In ba ki taɓa fita ba, sai ki gyaɗa kai ki yi masa godiya, mutane a gida su yi tsaki. Mai kai akushi gaban baƙi, in ba ta shiga madafa ba, aka tambaye ta abin da aka sa a miya sai ta yi shiru.

Shi ya sa ba na yarda a ɗora yarinya ko yaro a gaban kyamara kafin su sha rana.

Karatun da ake yi

Makarantar da aka sani da wannan fanni a ƙasarmu ita ce IFTIC, a Yamai, wadda yanzu ake kira ESSCOM. Tushenta ya koma 1977, ta samu sunan IFTIC a 1989, kuma da yawa daga cikin muryoyin da kika tashi kina ji can suka fito. Ana koyar da aikin jarida na rediyo da talabijin da na rubutu, da kuma aikin kyamara da sauti da montaj. Tunda bak tana hannunki, ƙofar lasisi, wato digirin farko, a buɗe take, shekara uku. Sharuɗɗan shiga da kuɗin makaranta suna sauyawa, don haka ki sa wani naku da ke Yamai ya je da ƙafarsa ya karɓo takardar bana, kada ki dogara da abin da ake turawa a waya. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu da ke ba da takardar sadarwa. Kafin a biya ko dala, a tabbatar gwamnati ta amince da takardarsu, kuma a leƙa a gani ko suna da kyamara da ɗakin ɗaukar murya da ɗalibai suke taɓawa da hannunsu. Makarantar jarida da allo da alli kaɗai ɓata kuɗin iyaye ce.

In Baba bai yarda da Yamai yanzu ba, ko aljihu bai kai ba, kada ki ɗauka an rufe miki hanya. Ki shiga Jami'ar André Salifou ki karanta wani fanni mai nauyi, kamar labarin ƙasa ko ilimin zamantakewa, kina yi kina sitaj, wato koyon aiki, a gidan rediyo lokacin hutu. Ni a ganina wannan hanyar ba ta gaza ta farko ba, wani lokaci ma ta fi ta. Yadda ake riƙe mikoro ana koyonsa cikin ƴan watanni. Abin da ɗakunan labaranmu suke ƙishirwarsa shi ne mutumin da ya fahimci kasafin kuɗi, ko ya san dalilin da ya sa rijiya take ƙafewa, ko ya iya karanta hukuncin kotu ya bayyana wa jama'a.

Kuma ina ba ki shawara ki fara da rediyo ko da talabijin kike hari. Rediyo ba shi da hoton da zai rufa miki asiri, dole ki iya rubuta jimla gajera, ki iya numfashi, ki iya kiyaye lokaci. A nan garin akwai tashar jiha ta gidan rediyo da talabijin na ƙasa, akwai Anfani da sauran masu zaman kansu, ga gidajen rediyon karkara a garuruwan kewaye. Mai sitaj a ƙaramar tasha cikin wata guda za a miƙa mata mikoro, abin da za ta daɗe tana jira a babbar tasha.

Harsuna biyu, kuma kada ki raina na gida

Faransanci dole ne. Da shi ake rubuta sanarwar gwamnati da takardun kotu da rahoton likitoci, da shi kuma ake babban jurnal, wato labaran dare. Ki karanta jaridar Le Sahel da babbar murya kullum in kin samu, ki naɗi kanki a waya, ki saurara. Za ki ji inda kike haɗiye ƙarshen jimla da inda kike rera karatu kamar mai hadda.

Amma dukiyarki ta gaske Hausar da kika sha a nono ce. A watan Maris na 2025 kundin da aka kafa na sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Tun kafin wannan ma, yawancin masu saurarenmu da Hausa suke jin labari. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda wasu tashoshi suke ɗaukar labaran Hausa kamar ƙaramin aiki: a gama na Faransanci, a miƙa wa mai Hausa takarda ana saura minti biyar, ya shiga yana juyawa da ka. Abin da ke fitowa Faransanci ne sanye da rigar Hausa, tsohuwa a Garin Malam ta saurara har a gama ba ta san me aka ce ba. Ki koyi rubuta Hausa da ƙa'idarta, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinta, ki rubuta labarinki ki ajiye takardar Faransancin gefe.

Ga misali guda da nake fara koya wa ɗalibaina, maganar kuɗi. Takarda ta ce ana sayar da tiyar hatsi sefa 750. In kika hau iska kika ce ɗari bakwai da hamsin kika yi shiru, matar da ke zaune a kasuwar Dole da dala take lissafi, abin da ta ji shi ne dala ɗari bakwai da hamsin, wato jika uku da dala ɗari da hamsin. Kin ninka mata farashi sau biyar. Abin da za ki ce shi ne dala ɗari da hamsin. Wannan lissafin dole ya zauna a kanki yadda ba sai kin tsaya tunani ba, domin kuskure irin wannan kan farashin taki ko kuɗin aikin hajji yana iya tayar da hankalin gari. Haka sunaye. Jiharmu ta haɗa Hausawa da Barebari da Fulani da Abzinawa da Tubawa. Kowa kika yi hira da shi, ki sa ya faɗi sunansa da na garinsu da bakinsa a farkon ɗauka, ki maimaita har ya ce daidai ne.

Labarin da ke ƙofar gidanku

Yara da yawa suna zuwa mini da zaton labari sai inda minista ya sauka. Ki duba maganar ruwa. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake janyo ruwansa daga nesa, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Duk ɗan Damagaram ya san yadda bazara take: jarkoki a jere tun tsakar dare a bakin famfo, mata suna gyangyaɗi a kan tabarma suna jiran ƙarar iskar da ke riga ruwa fitowa, ƴan garuwa sun ƙara kuɗi, yara sun makara makaranta. Kowa ya san wannan, amma ƴan kaɗan ne suke ɗaukarsa da kyau. Ƴar jarida za ta je da asuba ta naɗi ƙarar jarkokin, ta tambayi mace guda ƙarfe nawa ta fito da nawa take kashewa a yini, ta tambayi ɗan garuwa dalilin ƙarin, sannan ta tafi wurin masu kula da ruwa ta ba su dama su yi bayani, ta sa bayaninsu yadda suka faɗe shi. Wannan na ƙarshen shi ne ya raba ki da mai ƙorafi a Facebook.

Ki tuna ranar 3 ga Satumban 2024, da ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. Kafin wata tasha ta ce uffan, bidiyon ya gama zagaya wayoyin mutane. A irin wannan rana ba za ki riga waya ba, kuma ba shi ne aikinki ba. Aikinki tambayoyin da bidiyon bai amsa ba: da mutum a ciki? An ga alamar tsagewa tun da wuri, wa aka gaya wa? Wane ne ke da alhakin gyara? Magina na gargajiya da suka san wannan gini suna raye? Gidaje nawa ne a unguwar suke cikin irin wannan hali? Mutanen da suka ga bidiyon da rana, da dare wurinki za su zo su ji abin da ya tabbata.

Yana riƙe mai shi?

A nan Baba yana da hujja, kuma bai kamata a yi masa musu na banza ba. Wanda aka ɗauka aiki a gidan gwamnati yana da albashi a ƙarshen wata, ko da ba mai yawa ba ne. A gidaje masu zaman kansu kuwa, akwai masu mutunta ma'aikatansu, akwai kuma inda ake aiki ba takardar yarjejeniya, albashi ya yi watanni bai zo ba, a riƙa kiran mutum mai sitaj shekara da shekaru. An sa hannu kan yarjejeniyar albashin ƴan jarida ta ƙasa a ƙarshen 2021, amma har yanzu ba ko'ina ta shiga aljihun ma'aikaci ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kasuwar talla a ƙasarmu ƙarama ce, tashoshi sun yi yawa, yawancin kuɗin da ke shigowa daga sanarwa ne da ɗaukar taruka.

Daga nan ake samun abin da ya fi kashe ƴan jarida, wato kuɗin mota. An gama taro, a kira ku gefe, a sa hannu a takarda, a miƙo ambulan. Farko za ki ce ai na kabu-kabu ne. Sannu a hankali sai ki ga ƙafarki tana kai ki inda ake bayarwa kawai, bakin famfo kuma babu mai ba da ambulan. Wanda ya ba ki yau, gobe in ya yi ba daidai ba harshenki zai yi nauyi. Ba na zagin waɗanda suke karɓa, na san abin da ake ciki in haya ta zo babu albashi. Amma ke da kike farawa, ki gina wata hanyar samu ta halal tun yanzu. Ki iya kyamara da montaj da kanki, ko a waya ne, domin yau tashoshi sun fi son mutum guda da zai ɗauko, ya haɗa, ya aiko. Mai Hausa da Faransanci masu kyau tana samun aikin fassara da ɗora murya a kan faɗakarwar lafiya ko ta noma. Sharaɗin kawai, ƙungiyar da ta biya ki kuɗin wani aiki, kada ki zama ke ce mai kawo labarinta.

A da, babban burin mai Hausa shi ne ya zama wakilin gidajen waje, BBC da ta fara Hausa tun 1957, ko Muryar Jamus, ko Muryar Amurka, ko RFI da ta buɗe sashen Hausa a 2007, domin sun fi biya. Wannan hanya ta ƙuntata. An dakatar da RFI a Nijar a watan Agustan 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, Muryar Amurka kuma can Amurka aka tsayar da yawancin aikinta a Maris na 2025. Akwai Studio Kalangou da ke aiki daga Yamai tun 2016, tana shirya labarai da Hausa da wasu harsunan ƙasa, gidajen rediyo da dama suna yaɗawa. Ki sa ido a kan irin waɗannan, amma kada ki ɗora dukan lissafinki a kansu.

Neman magana, da maganar Baba

Da Baba ya ce neman magana, ina jin tsoron hukuma yake nufi, kuma tsoron uba ne. A 2010 aka fitar da dokar da ta hana ɗaure ɗan jarida saboda abin da ya rubuta ko ya faɗa a bakin aiki. Sai dai akwai dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sake gyarawa a watan Yunin 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai iya dagula zaman lafiya. An tsare ƴan jarida a ƙasar nan a shekarun baya-bayan nan, wannan ba sirri ba ne. Ki karanta dokokin nan da kanki kafin ki taɓa mikoro. Ki sani abin da kika rubuta a shafinki na Facebook, ko kika tura a zauren WhatsApp, doka tana kallonsa. Labarin tsaro musamman, kada ki taɓa faɗin adadin mamata ko sunan wuri don kin gani a waya. Ki san wa ya faɗa, ki ambaci wanda ya faɗa, in ba ki tabbatar ba ki bari. Ki riƙa ajiye muryoyin da kika naɗa da takardun da aka ba ki. Wannan kariya ce, ko da ba cikakkiya ba. Har ila yau ban yarda tsoro ya mayar da mu masu karanta sanarwa kawai ba. Tsakanin ganganci da yin shiru akwai fili mai faɗi, a nan ruwa da asibiti da makaranta da farashin hatsi suke, kuma a nan ake yi wa jama'a aiki.

Sauran damuwarsa ta ɗiya mace ce: dawowa gida da dare, tafiya ƙauye da maza, bakin mutane, da mazan da za su ce sai kin ba da wani abu kafin su ba ki dama. Wannan na ƙarshen yana faruwa, kuma ranar da wani ya gwada, ki gaya wa babbar mace a wurin aikin da wani naki a gida a ranar, kada ki haɗiye. Amma mata sun daɗe a wannan aiki da mutuncinsu. Marigayiya Mariama Keita, mace ta farko da ta yi aikin jarida a Nijar, ta kai har ga shugabantar Muryar Sahel, ta rasu a 2018 ana girmama ta. Yau ki kunna kowace tasha za ki ga mata da mayafinsu suna gabatarwa, da yawa matan aure ne da ƴaƴa.

Ke kika san mahaifinki fiye da ni, don haka ki auna abin da zan faɗa da halinsa. Kada ki yi jayayya da shi, kada kuma ki fara a ɓoye; aikin da ake jin muryar mutum a gari ba ya ɓoyuwa, kuma albarkarsa ta fi miki kowace takarda. Ki samu gwaggo ko kawun da yake jin maganarsa, ki zayyana masa komai. Abin da za ku roƙa ƙarami ne: izinin sitaj na hutu guda, da rana, a tashar da ke cikin gari, shi da kansa ko yayanki ya raka ki ya ga shugaban wurin ido da ido. Iyaye da yawa da na sani sun sauko ne ranar da suka ji muryar ɗiyarsu tana tambayar likita abin da su ma yake damunsu, abokan zamansu a majalisa suna cewa ai ɗiyar wane ce. In lokacin aure ya zo, a yi maganar aikin a fili tun kafin a sa rana, har da zancen aikin dare.

Alkawarin kujerar gabatarwa kam ba zan yi miki ba. Kujerun kaɗan ne, masu so da yawa, kuma akwai ƙwararrun da suka yi ritaya ba su taɓa zama a kanta ba, sunansu kuma ya fi na wasu da suka zauna. Zamanin da na shiga aikin ma ya bambanta da naku, yau yarinya tana iya tara masu kallo da wayarta kafin wata tasha ta san da ita, kuma ku za ku fi mu sanin yadda ake tafiyar da wannan.

Ga abin da za ki fara cikin makon nan. In an fara labaran dare, ki riƙe biro, kowane rahoto ya wuce ki rubuta naki jimloli biyu da za ki gabatar da shi da su, da Hausa da Faransanci. Ki karanta wa Inna ko wata tsohuwa a gidanku na Hausar sau ɗaya tak, ki ce ta maimaita miki abin da ta ji. Inda ta kasa, jimlarki ce za ki gyara. Sannan da izinin gida ki ɗauki waya ki haɗa rahoto guda na minti ɗaya da rabi a kan wani abu na unguwarku, da muryar mutum biyu aƙalla waɗanda ba ra'ayinsu ɗaya ba. Shi za ki riƙa a hannu, tare da takardar neman sitaj da kwafin sakamakon bak, ki je tasha da sassafe kafin su shiga taron tsara labarai, domin da rana kowa gudu yake yi. In sun ce babu wuri, ki tambayi ranar da za ki dawo, ki rubuta ta, ki wuce tasha ta gaba.